Kwana Tara A Kona, Garin Masu Ninkaya

Da la'asar ranar Juma'a, 6 ga watan Oktoba, 2023, jirgin saman da ya kwaso mu daga Los Anjelis ya sunkuyo zai sauka a babban tsibirin Hawai. Na leƙa ta taga, sai na ga ƙasa baƙa ƙirin, kamar dajin da aka cinna wa wuta jiya. Ba ciyawa, ba itace, sai baƙin dutse shimfiɗe tun daga gindin tsauni har bakin teku. Daga baya aka gaya mini narkakken dutse ne da tsaunin Hualalai ya amayar a shekarar 1801, ya gangaro ya daskare, a bisansa kuwa aka gina filin jirgin. Tun da na bar Legas na fi kwana guda ina sauya jirage, ga shi kuma agogonsu yana bayan namu da awa 11, watau sa'ad da mutanen Kano ke shirin kwanciya, su can rana ba ta ma kai tsaka ba. Saboda haka kwanakin farko ƙarfe uku na dare idona biyu. Wannan rashin barci ne ya sa na riƙa isa bakin teku tun da duku-duku, a nan kuwa na ga abin da zan ba masu karatu labarinsa.

Abin da ya kai ni garin Kailua-Kona shi ne gasar nan ta duniya da ake kira Ironman, watau mutumin ƙarfe. Tsere uku ne aka haɗa cikin ɗaya, ba hutu a tsakani. Da farko a yi ninkaya cikin teku kilomita 3.86, a fito a hau keke a yi kilomita 180, wanda ya ɗan ɗara nisan Kano zuwa Katsina, sa'an nan a sauka a yi gudu da ƙafa kilomita 42. Duka cikin awa 17. Wanda ya wuce haka ba a lissafa shi cikin waɗanda suka gama.

Asalin abin gardama ce. A 1977, a tsibirin Oahu, wasu 'yan wasa suka yi ta musu a kan wa ya fi juriya tsakanin mai gudu da mai ninkaya, sai wani hafsan sojan ruwan Amurka, John Collins, shi da matarsa Judy, suka kawo shawarar a haɗa manyan tsere uku da aka saba yi a tsibirin, a yi su rana ɗaya a ga wanda zai kai labari. Ranar 18 ga Fabrairu, 1978, mutum 15 suka fara, 12 suka gama, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. A 1981 aka ɗauke gasar aka kawo ta Kona, inda hanya ta fi sarari kuma motoci ba su kai na Honolulu yawa ba. A shekarar da na je mata ne kaɗai suka yi tasu a Kona, ta maza an kai ta garin Nis na ƙasar Faransa.

Garin ƙarami ne. Hanya ɗaya ce ta bi gaɓar teku, ana ce mata Ali'i Drive, a bakinta akwai majami'ar Mokuaikaua wadda aka gina da baƙin dutsen nan aka gama a 1837, tana fuskantar tsohon gidan sarauta na Hulihe'e. A gefen matsayar jiragen ruwa kuma akwai wurin da Sarki Kamehameha na Ɗaya, wanda ya haɗa tsibiran Hawai ƙarƙashin sarauta guda, ya ƙarasa kwanakinsa har ya rasu a 1819. Amma dubban baƙin da suka cika garin a wannan mako ba waɗannan suka zo gani ba. Hankalinsu duk yana kan wani ɗan tsukin yashi da ke jikin matsayar jiragen, wanda bai fi tsakar gidan mai unguwa ba, in teku ta ciko ma sai ta kusa shanye shi. Daga nan ake shiga ruwa ranar gasa, nan kuma ake fitowa.

Kullum kafin ƙarfe bakwai na safe wurin ya cika maƙil. Ka ji Jamusanci, ka ji Japananci, ka ji harshen mutanen Barazil, kowa da hular roba da tabarau na ruwa. Can cikin teku akwai wani kwale-kwale da yakan tsaya a makon gasa yana ba da kofi, duk mai so sai ya yi iyo ya je, ya kama gefen kwale-kwalen da hannu ɗaya ya sha da ɗayan. Ruwan kuwa garai-garai, daga bisa matsayar jiragen kana hango yashin ƙasa da kifaye masu ruwan ɗorawa, wata rana har da kififiyar teku mai girman faifai tana wucewa ba ruwanta da kowa.

Na yi safiya biyu ina kallo kafin in lura da wani abu da ya ɗaure mini kai. Waɗanda ke facal-facal da ruwa, suna watsa shi sama, hannu da ƙafa duk suna aiki, su ne ake bari a baya. Waɗanda ke wucewa kamar kibiya kuwa, in ka dube su sai ka ce ba su ma fara ba. Hannu ya fito a hankali, ya shiga, jiki ya zarce. Ni da na koyi iyo a kududdufin bayan gari, inda gwani shi ne wanda ya fi kowa tayar da kumfa, wannan abu ya saɓa wa duk abin da na sani.

A gidan da na sauka akwai wasu tsofaffi biyu, miji da mata, daga Kanada. Matar ta tasam ma saba'in, ita ce kuma za ta shiga gasar. Mijin tsohon malamin ninkaya ne na makaranta, ya yi ritaya, aikinsa yanzu riƙe mata tawul da agogo. Na riƙa ce mata Iya, shi kuma Baba, da na gaya musu ma'anar suka yi dariya suka amsa. Iya ba keke ke ba ta tsoro ba, ba kuma gudu ba. Ruwa ne. Dokar gasar ita ce duk wanda bai fito daga teku cikin awa 2 da minti 20 ba, nan tafiyarsa ta ƙare, ba zai ko taɓa kekensa ba. Mutum ya yi shekaru yana neman gurbi, ya kashe kuɗin jirgi da na masauki, sa'an nan a tare shi a kan matakala tun hantsi bai dubi ludayi ba a ce masa ya koma ya zama ɗan kallo.

Baba ya ɗauko takarda ya yi mini lissafin. A kwamin ninkaya na garinsu Iya tana cinye mita 100 cikin minti 3 da daƙiƙa 20. In ta riƙe haka har ƙarshe za ta fito cikin awa 2 da minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi, ta tsira da rarar minti 11. To, amma a kwami akwai baƙin layi a ƙasa wanda mutum ke bi, a teku babu. In ta karkace nan ta karkace can har ta ƙara wa kanta mita 300, abin da ba wuya ga wanda bai saba ba, minti 10 sun tafi ke nan. Bugu da ƙari, a gasar da ta ci gurbin zuwa Kona ta sa rigar roba mai kauri wadda ke ɗaga mutum bisa ruwa. A Kona kuwa ba a yarda da ita, don dokar ta hana sa ta in ɗumin ruwa ya wuce digiri 24 da rabi, ruwan nan kuwa yakan kai wajen 26. Abin da kawai zai ɗan taimake ta shi ne gishirin teku, wanda ke ɗaga jiki fiye da ruwan daɗi.

A rana ta uku na ce ni ma bari in gwada, gani ya kori ji. Na ari tabarau na shiga. Kai jama'a! Ban kai mita 100 ba numfashi ya ƙare, na sha ruwan gishiri har sau biyu, na juyo ina haki kamar wanda kura ta koro. Baba yana zaune bisa matakala yana kallo. Da na fito bai ce ƙarfi ne ba ni da shi ba, ya ce ma ya yi mini yawa. Laifina, in ji shi, na ɗaga kai sama don tsoron ruwa, shi kuwa jikin mutum cikin ruwa kamar sikeli yake, in kai ya tashi ƙafafu su nutse. Mai ninkaya da ƙafafu a nutse tamkar mai jan buhu ne a bayansa. Ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800, kuma in mutum ya ninka saurinsa, turjiyar da ruwa ke yi masa ba ninki biyu take yi ba, ninki huɗu take yi. Don haka wanda ya rage faɗin jikin da yake tura wa ruwa ya fi samun riba a kan wanda ya ƙara ƙarfin damtse.

Laifi na biyu, ina riƙe numfashi cikin ruwa, sai na ɗago in nemi fitar da tsohuwar iska in shaƙi sabuwa a lokaci ɗaya, lokacin kuwa ba ya isa. Gwanaye tun fuskarsu na cikin ruwa suke fitar da iska a hankali ta hanci da baki, in sun juya kai gefe shaƙa kawai ta rage, kuma ba su ɗaga kan, juya shi suke tare da kafaɗa, ido ɗaya na cikin ruwa. Na uku kuma hannuna: ina danna ruwa ƙasa da miƙaƙƙen hannu, abin da ke ɗaga ƙirji ya ƙara nutsar da ƙafa. Kamata ya yi da hannu ya shiga, a lanƙwasa gwiwar hannu tana sama, tafi da sangali su zama kamar matuƙin kwale-kwale, a tura ruwan baya, wajen ƙafafu.

Na tambaye shi batun bugun ƙafa, domin na karanta cewa Duke Kahanamoku, ɗan asalin Hawai da ya ci zinare a tseren mita 100 a wasannin Olamfik na 1912 da na 1920, da saurin ƙafa ya yi suna. Baba ya ce wannan gaskiya ne, amma shi Duke minti ɗaya yake yi ya fito ya huta. Mai gasar Kona kuwa yana da kilomita 222 da ke jiran ƙafafunsa a tudu. Saboda haka da yawansu bugu biyu kawai suke yi a kowane zagayen hannu, ba don tura jiki ba, sai don daidaita shi. A nan ne na fara fahimtar cewa saurin da ake nema a wannan ruwa ba irin na sauran masu ninkaya ba ne. Ga gwanaye, ninkayar ba ta fi kashi ɗaya cikin goma na yinin ba. Wanda ya rage daƙiƙa 5 a kowace mita 100 ya samu minti 3 da 'yan kai. In kuwa da ƙarfin tsiya ya samo su, zai biya su ninki goma da azahar a kan hanyar Hawi, inda iska ke neman ture keke, baƙin dutse kuma yana maido da zafin rana kamar tanda. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, a Kona kuwa har da fid da ƙafafu.

Kada mai karatu ya zaci gyaran hannu da kai kaɗai ke kawo sauri. Baba ya nuna mini littafin da yake rubuta aikin Iya na wata shida. Ba ta shiga ruwa ta yi ta tafiya awa guda ba tsayawa, kamar yadda galibin masu koyo ke yi, wanda a ganinsa koyon tafiyar hawainiya ne kawai. Suna da wani awo da masu horarwa da yawa ke amfani da shi. Mutum ya yi mita 400 iyakar ƙarfinsa a duba agogo, ya huta sosai, ya yi mita 200 haka nan. A ɗebe lokacin na biyu daga na farko, a raba abin da ya rage gida biyu. Alal misali, wanda ya yi 400 cikin minti 8, ya yi 200 cikin minti 3 da daƙiƙa 50, ragowar minti 4 da daƙiƙa 10 ce, rabinta minti 2 da daƙiƙa 5. Wannan shi ne saurin da zai iya riƙewa a kowace mita 100 na tsawon lokaci ba tare da ya ƙone ba. Sai ya riƙa yin ɗari-ɗari ko ɗari biyu-biyu a kan wannan sauri, da ɗan hutun daƙiƙa 15 ko 20 a tsakani, bayan 'yan makonni a sake awo. Kuma gara shiga ruwa sau huɗu a mako na minti 40 da shiga sau biyu na awa ɗaya da rabi, domin hannu yana saurin manta ruwa.

Sauran abubuwa biyu ba a koyonsu sai a teku, su ne kuwa Iya ta zo da wuri don ta gyara. Na farko duban hanya. Filin ninkayar dogo ne siriri, ana miƙewa kudu a bi layin manyan balan-balan na alama, a kewaye wani jirgin ruwa da ke tsaye a can ƙarshe, a juyo. Bayan kowane 'yan zagayen hannu mutum zai ɗan fito da idanu kawai bisa ruwa, kamar yadda kada ke yi, ya hango alama ya mai da fuska. In ya ɗaga kai duka ƙafafu sun nutse, in bai duba ba kuma ya nufi Japan. Kuma balan-balan ɗin kan ɓace in igiyar ruwa ta taso, don haka Baba ya sa ta zaɓi abin da ba ya motsi a tudu, wani dogon bene a tafiya, wata alama a bayan matsayar jiragen a dawowa.

Na biyu bin sawu. A kan keke an hana 'yan gasa fakewa a bayan juna, wanda ya yi a hukunta shi. A ruwa kuwa halal ne. Wanda ya bi dab da ƙafafun na gabansa, ko ya tsaya daidai ƙugunsa, yana tafiya cikin ruwan da aka riga aka tsaga, ƙarfin da zai kashe ya ragu ƙwarai. Dabarar ita ce ka sami wanda ya ɗan fi ka sauri, ka bi kumfar ƙafarsa ba tare da ka riƙa taɓa shi ba. Sai dai a nan ina da ja. Na ga mutum biyar sun jeru a bayan wata mata da safe, ita kuwa ta karkace ta nufi wajen kwale-kwalen kofi, duk suka bi ta. Mai bin sawu bai huta da duban hanya ba.

Ranar Asabar, 14 ga wata, tun ƙarfe biyar na sami wuri a kan katangar bakin teku, ƙafafuna na reto bisa ruwa. Gari na wayewa aka buga ganguna irin nasu, gwanaye suka yi iyo zuwa layin farawa suka tsaya cikin ruwa mai zurfi, masu allunan tuƙi na kai da kawowa a gabansu don kada wata ta wuce. Igwa ta tashi. Kafin a yi nisa hula ɗaya ta fita daga cikin taro, ta yi gaba ita kaɗai. Lucy Charles-Barclay ce, 'yar Ingila, wadda tun asali mai ninkaya ce kafin ta shigo wannan gasa, ita ce kuma ta kafa tarihin mata a wannan ruwa a 2018 da minti 48 da daƙiƙa 14, watau wajen minti 1 da daƙiƙa 15 a kowace mita 100, a teku, ba bango ba layi.

Labarinta shi ne ya fi kowane bayani nuna matsayin ninkaya a gasar. Sau huɗu, a 2017 da 2018 da 2019 da 2022, tana riga kowace mace fita daga ruwa, sau huɗun kuma ana cim mata a tudu ta ƙare ta biyu. A wannan rana dai ba wadda ta ga ƙeyarta. Ta fito ta farko, ta sauka daga keke ta farko, ta shigo Ali'i Drive ta farko cikin awa 8 da minti 24 da daƙiƙa 31, Anne Haug ta Jamus na biye da ita. Shekara biyu bayan haka, a 2025, ta sake riga kowa fita daga ruwan nan, amma zafi ya kayar da ita a wajen gudu, ba ta ƙarasa ba.

Ni dai a safiyar nan ba gwanaye na zauna jira ba. Bayan sun wuce aka riƙa sakin sauran mata rukuni-rukuni bisa ga shekarunsu, fiye da mutum dubu biyu, kowane rukuni da launin hularsa. Baba ya zo ya zauna kusa da ni, ya danna agogonsa sa'ad da aka saki su Iya, daga nan bai ƙara cewa uffan ba. Rana ta ɗaga. 'Yan kallo suka fara watsewa suna bin kekuna. Matakalar da ɗazu ake turereniya a kanta ta koma sai ɗaya-ɗaya, masu aikin sa kai suna kama hannun duk wadda ta iso, domin bayan awa biyu a kwance cikin igiyar ruwa jiri kan ɗebi mutum in ya miƙe. Awa biyu ta cika. Baba ya miƙe tsaye a kan katanga, ya kare rana da tafin hannu. Can wajen alama ta uku daga ƙarshe muka hango huluna huɗu a jere, ɗaya bayan ɗaya, wani mai allon tuƙi na rakiyarsu a gefe. Ya ce ta biyun ce, ya gane ta da yadda hannunta na hagu ke fita.

Agogonsa na nuna awa 2 da minti 11 lokacin da ta dafa matakala. Ta cire tabarau, ta tsaya ƙarƙashin mesar ruwan daɗi ta wanke gishiri, ba ta ko waiwayo wajenmu ba ta nufi inda kekuna suke. Da yamma aka ba da sanarwa cewa a wannan shekara duk matar da ta shiga ruwa ta fito kafin lokaci ya cika, ba wadda aka tare a matakala. Baba ya ninke tawul ɗin da ya riƙe tun asuba, wanda ba a ko yi amfani da shi ba, ya ce in zo mu nemi inuwa da abin karyawa, don ba za mu sake ganinta ba sai bayan la'asar.